Yadda Ake Haɗa Ligan na Imin, a Damƙa Masa Ƙarfe, a Gwada Aikinsa: Jagora ga Ɗaliban Kimiyyar Sinadarai a Zamfara

Duk shekara idan aka raba wa 'yan ajin ƙarshe batutuwan bincike a sashen kimiyyar sinadarai, ko a nan Gusau ne, ko Ƙauran Namoda, ko Talatar Mafara, ba a rasa waɗanda za a ce musu: je ka haɗa "Shif bes", ka sa masa ƙarfe, ka gwada shi a kan ƙwayoyin cuta. Malamai na son wannan aiki saboda kayansa ba su da tsada sosai, kuma ɗakin gwajin da ba shi da manyan na'urori ma zai iya ɗaukarsa. Ɗalibai kuwa suna sonsa saboda launi: ka zuba ruwa biyu marasa wani kyan gani, sai ga ƙwayoyi rawaya kamar kurkum sun cika gindin filas.

Na daɗe ina tsaye a bayan ɗalibai suna wannan aiki, kuma abin da ke damuna shi ne yawancinsu launin nan suke ɗauka a matsayin shaida. Launi ya canza, an gama, a tafi rubutu. Alhali kowane mataki yana da tambayar da za ka yi masa kafin ya bar ka ka wuce: me ya tabbatar da cewa abin da ke hannuna shi ne abin da nake cewa? A kan wannan tambaya na gina jagorar. Zan yi ta cewa "ka", amma har da ku ɗalibai mata nake, don ku kuka fi yawa cikin waɗanda na ga sun yi aikin da tsafta.

Abin da kake haɗawa

Aldehayid yana da rukunin C=O, amin kuma yana da NH2. Idan suka haɗu, oksijin ɗin ya ɗauki haidurojin biyu ya fita a matsayin ruwa, sai C=N ta zauna a gurbinsa. Wannan C=N ita ce imin. Hugo Schiff, Bajamushen da ya yi yawancin rayuwarsa ta aiki a Italiya, shi ya bayyana wannan haɗi a 1864, shi ya sa sunansa ya bi shi, ake ce wa imin "Shif bes".

Naitirojin ɗin imin yana da elektiron biyu da ke zaune ba aiki, su yake miƙa wa ƙarfe. Duk sinadarin da ke riƙe ƙarfe ta wannan hanya sunansa ligan, wato mariƙin ƙarfe, abin da suka haifa tare kuma ɗalibai na kiransa kwamfiles. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ba a ɗauko jan ƙarfe daga wuta da tsinke ɗaya, da awartaki ake damƙo shi ta gefe biyu. Haka ligan yake: mai baki ɗaya yana saki da wuri, mai baki biyu ya fi riƙo, mai baki huɗu kuwa da wuya ƙarfe ya kuɓuce masa. Ligan ɗin da za mu yi misali da shi, salen, baki huɗu gare shi, naitirojin biyu da oksijin biyu, suna kewaye ƙarfen a shimfiɗe, su bar sama da ƙasa a buɗe. Ta waɗannan ƙofofi biyu ƙarfen ke kama wani abu ya yi masa aiki.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: ruwan da ya fita yana iya dawowa. Idan imin ya samu ruwa da ɗan asid, komawa yake aldehayid da amin. Rabin matsalolin wannan aiki daga nan suke fitowa.

Mataki na farko: kafin ka taɓa kwalba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ka auna komai, ka san inda za a yi maka IR, wato awon haske da ke nuna rukunonin da ke cikin sinadari, da inda za a auna maka yawan ƙarfe, da nawa za ka biya, da kwana nawa ake jira. Yawancinmu Zariya muke aikawa, ko Jami'ar Ahmadu Bello ko cibiyar binciken sinadarai da ke Basawa, wasu Kano, wasu Sakkwato. Ka ware kuɗin wannan tun farko, don na ga ɗalibai da dama sun ƙarar da komai wajen sayen gishirin ƙarfe iri biyar, suka rasa na tantance ko ɗaya. Ƙarfe biyu da aka tantance sosai sun fi biyar da ba a san ko su wane ne ba.

Sannan ka duba kayanka da idonka. Etilindayamin yana zuƙar danshi da iskar kabon daga sarari. Idan ka ga farin ɓawo ya taru a bakin murfi, ko ruwan ya koma rawaya sosai, ya tsufa. Benzaldehayid da ya daɗe yakan tara fararen ƙwayoyi, ya fara komawa benzoyik asid ke nan. Anilin mai kyau kusan fari yake kamar ruwa, idan ya yi ja-ja ko baƙi-baƙi sai an sake tace shi ta tururi. Ka karanta jikin kwalbar gishirin ƙarfe ka ga ruwa nawa yake ɗauke da shi, don nauyin da za ka yi lissafi da shi ya dogara da haka.

Yanayin garinmu ma yana cikin lissafi. Ita, wato dayetil ita, tana tafasa a digiri 35, daikuloromiten kuma a 40. A watan Afrilu ɗakin gwaji a Gusau yana iya kaiwa wannan zafin da rana tsaka, ka buɗe kwalba ta yi maka tsartuwa, ga kuma haɗarin gobara. Ka yi aikinka da sassafe, ka dogara da etanol da ke tafasa a 78. Da hunturu kuwa kana iya tarar da DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, ya daskare da safe, don a ƙasa da digiri 19 yake sandarewa. Bai lalace ba, ka sa kwalbar cikin ruwan ɗumi. Ƙurar hazo ita ma ba ta raina samfur, ka rufe komai. Da damina danshi ne abokin gabarka, sai ka gasa silika jel ɗinka ya koma shuɗi kafin ka sa shi a desiketa, wato rufaffen mazubin busar da samfur.

Tabarau na kariya, safar hannu, rigar gwaji. Mai hijabi ta tura shi cikin rigar ta ɓalle maɓallai. Etilindayamin yana ƙona fata, tururinsa yana taɓa huhu, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake buɗe shi, in babu to a bakin taga iska na fita waje. Gishirin nikel da na kobal ba a son ƙurarsu a hanci ko a fata.

Mataki na biyu: haɗa ligan

Salen ana haɗa shi ne da salisilaldehayid, wato aldehayid ɗin, kashi biyu, da etilindayamin, wato amin ɗin, kashi ɗaya. Ka auna giram 2.44 na salisilaldehayid, wato milimol 20, kusan mililita 2.1, ka narkar cikin etanol mililita 25 a filas mai zagayen gindi. Ka ɗumama shi cikin tukunyar ruwan zafi. A wani ƙaramin bika ka auna giram 0.60 na etilindayamin, milimol 10, ka sirka da etanol mililita 5. Ka riƙa ɗiga shi a hankali kana kaɗa filas. Nan take ruwan zai zama rawaya, filas ta ɗau ɗumi, wani lokaci ma ƙwayoyi su fara sauka kafin ka gama ɗigawa.

Ka ɗaura kwandensa, ruwan sanyi ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, ka bar shi yana tafasa a hankali minti 20 zuwa 30. Idan famfo ba ruwa, bokiti a kan teburi da ɗan tiyo ya wadatar, wani bokitin a ƙasa yana tara wanda ya fito kana mayarwa. Idan an ɗauke wuta kada ka ɗauko risho ka kusantar da etanol. Ka tafasa ruwa a can nesa, ka kashe wutar, ka kawo ruwan. Wannan haɗi ba ya buƙatar zafi mai yawa.

Ka sauke, ka bar shi ya huce da kansa, sannan ka nutsa gindin filas cikin ƙanƙara minti 15. Za ka ga siraran ɓawo rawaya masu sheƙi. Ka tace, ka wanke da etanol mai sanyi kaɗan sau biyu. Iyakar abin da lissafi ya ba ka giram 2.68 ne. Idan sikeli ya nuna fiye da haka, bai bushe ba.

Ba kowane imin ke zuwa da sauƙi haka ba. Idan amin ɗinka mai rauni ne, irin dangin anilin ko magungunan salfa da malamai ke son bayarwa, sai an tafasa awa uku ko huɗu, a kuma ɗiga asetik asid ɗigo biyu ko uku. Asid kaɗan yana taimaka wa ruwan ya fita. Idan ya yi yawa sai ya kama amin ɗin ya hana shi aiki gaba ɗaya. Tsakanin pH 4 da 5 ne haɗin ya fi tafiya. Ɗalibi yakan ga shiru sai ya ƙara asid, yana ɗaure akuyar da yake so ta yi tafiya.

Yanzu ga inda ake yawan tsallakewa: sake tsarkakewa. Ka narkar da ligan cikin etanol mai zafi mafi ƙanƙanta da zai narkar da shi, ka tace da zafinsa, ka bar shi ya huce a hankali. Ka busar a desiketa kwana ɗaya, ka auna zafin narkewarsa. Salen mai tsafta yana narkewa a kusan digiri 125 zuwa 128, kuma tsakanin farawa da gamawa bai wuce digiri biyu ba. Idan ya fara laushi tun 115 yana ja har 124, akwai datti, ka sake. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ligan mai datti ba zai haifi kwamfiles mai tsafta ba, kuma duk kuɗin da za ka kashe a Zariya a kan datti za ka kashe shi.

Mataki na uku: damƙa masa ƙarfe

Ka narkar da giram 0.54 na ligan, milimol 2, cikin etanol mai zafi mililita 25. A gefe ka narkar da giram 0.40 na kofa asitet, gishirin jan ƙarfe mai ruwa ɗaya, cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, kamar mililita 5 zuwa 10. In nikel za ka yi, giram 0.50 na nikel asitet mai ruwa huɗu. Ka zuba gishirin a kan ligan a hankali, ka tafasa ƙarƙashin kwandensa minti 30 zuwa awa ɗaya. Na jan ƙarfe kore ne mai duhu, na nikel ja ne mai ratsin ruwan lemo, na tutiya rawaya mai haske. Iyakar lissafi giram 0.66 ne ga jan ƙarfe, 0.65 ga nikel.

Me ya sa asitet? Kafin oksijin ɗin ligan ya kama ƙarfe sai ya saki haidurojin ɗinsa, asitet kuma shi ke karɓe ta. Idan kulorayid kawai ke akwai a sito, ka ƙara sodiyom asitet ko tirayetilamin daidai lissafi, in ba haka ba asid zai taru a filas ya dawo yana warware maka imin. Kada kuma ka zuba soda mai ƙarfi da yawa, don sai ƙarfen ya sauka a matsayin haidoroksayid ka ɗauka kwamfiles ne.

Kobal da manganis da baƙin ƙarfe suna da wani hali: iska na canza su. Ka fara da kobal mai caji biyu, ka ƙare da mai caji uku ba ka sani ba. Idan ɗakin gwajinku ba shi da silindar naitirojin, ka faɗi haka a rubutunka, ka bar awon maganaɗisu ya gaya maka wanne ka samu.

Sai wanki. Zan daɗe a nan saboda wani abu da ya faru a gabana. Wata ɗaliba ta zo mini da faranti daga ɗakin rainon ƙwayoyin cuta, fuskarta cike da murna, ta ce, "Malam, duba! Na jan ƙarfen ya kashe su, zoben har ya kusa kamo na magani." Na duba, gaskiya ne, zobe ne babba tas. Na ce, "Madalla, 'yata. Da mi kika wanke shi bayan tacewa?" Ta ce da etanol, sau ɗaya. Muka ɗebi ɗan garin muka kaɗa cikin ruwa, muka tace, muka ɗiga amoniya a ruwan da ya fita. Sai ga shuɗi mai duhu. Ragowar gishirin jan ƙarfe ne da bai shiga ligan ba, shi ke yin kisan. Ta tsaya shiru, don sati uku ta yi a kan aikin. Laifin rabinsa nawa ne, ban tsaya a kanta ranar wankin ba. Ta sake daga farko, zoben ya ragu, amma wanda ta samu na biyun nata ne na gaskiya, kuma ta kare shi gaban masu jarrabawa ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

Don haka: ka wanke da ruwa mai ɗumi har sai ruwan da ke fita ya daina nuna ƙarfe, wannan zai tafi da ragowar gishiri. Ka bi da etanol mai sanyi ya tafi da ragowar ligan. Ka busar a desiketa, ba a rana ba, ba a tanda mai zafi sosai ba.

Mataki na huɗu: tabbatar da abin da ka samu

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Zafin narkewa: na jan ƙarfe da na nikel sun haura digiri 300, sau da yawa ƙonewa suke kafin su narke. Idan wani sashe ya narke a wajen 126, ligan ne ya rage. Ka gwada narkewarsa cikin ruwa, etanol, kulorofom, DMF da DMSO, ka rubuta.

Awon wucewar lantarki yana gaya maka ko akwai wani caji da ke yawo a wajen kwamfiles. Ka haɗa milimol 1 a lita cikin DMF ko DMSO. Jadawalin da Geary ya tattara a 1971 ya nuna mai rabuwa gida biyu yakan ba da kusan 65 zuwa 90 a DMF. Salen na jan ƙarfe ba ya rabuwa, adadinsa ya kamata ya faɗi ƙasa sosai da haka. Ka auna ruwan narkarwar shi kaɗai tukuna ka cire.

Awon maganaɗisu, inda akwai sikelin Gouy ko makamancinsa, shi ne mafi faɗin gaskiya game da siffa. Jan ƙarfe mai caji biyu yana da elektiron ɗaya marar abokin zama, lissafi ya ba shi 1.73, a zahiri akan samu 1.7 zuwa 2.2. Nikel idan yana shimfiɗe cikin baki huɗu ba ya jan maganaɗisu ko kaɗan. Idan ka samu wajen 3, to mai kusurwa shida ne, wani abu ya hau sama da ƙasansa. Tutiya ba ta ja. Manganis mai caji biyu yana kusa da 5.9.

A takardar IR ka nemi abu uku. C=O na salisilaldehayid da ke wajen 1665 ya ɓace. C=N ya bayyana a wajen 1635. Bayan an sa ƙarfe, faffaɗan alamar OH ta tafi, C=N kuma ya ɗan gusa, galibi ƙasa, wani lokaci da kaɗan ƙwarai. Ka rubuta abin da ka gani, kada ka tilasta masa gusawar da ka karanta a aikin wani. Akwai kuma wata al'ada da nake roƙon a daina: a ɗauki kowane ɗan tsini a wajen 450 ko 550 a ce ga haɗin ƙarfe da naitirojin. Na'urori da yawa da ake yi mana aiki da su a 650 suke tsayawa. Ka dubi ƙarshen takardarka kafin ka ambaci abin da na'urar ba ta kai wurinsa ba.

Idan aljihu ya kai ga NMR, awon da ke nuna matsayin kowane haidurojin a cikin sinadari, haidurojin ɗin imin yana fitowa a wajen 8.3, na OH a wajen 13, na aldehayid kuma da ke kusa da 9.9 bai kamata a gan shi ba. Ligan, da na nikel, da na tutiya kawai za ka aika; na jan ƙarfe zai dawo maka a dame.

Awon yawan ƙarfe shi ne wanda ba na yafewa. Ka narkar da abin da ka auna cikin naitirik asid, a yi maka AAS, wato awon ƙarfe da na'urar shan haske, ko ka yi taitireshan da EDTA, wani mariƙin ƙarfe, da hannunka. Salen na jan ƙarfe ya kamata ya ba da kashi 19.3 cikin ɗari, na nikel 18.1. Idan sabon ligan ne da ba a san ƙarfe nawa yake ɗauka ba, hanyar Job ta 1928 tana nan: ka riƙa canza rabon ƙarfe da ligan jimillarsu na nan daram, ka auna shan haske. Ƙololuwa a 0.5 ɗaya da ɗaya ke nan, a 0.67 ta gefen ligan kuma biyu ne ga ƙarfe ɗaya.

Mataki na biyar: gwada shi a matsayin mai hanzarta haɗi

Nan ne darajar waɗannan sinadarai ta fi fitowa a duniya, amma nan ne muka fi sakaci. A 1938 Tsumaki a Japan ya nuna salen na kobal yana kama oksijin ya kuma sake shi, irin aikin da jini ke yi. A 1990 Eric Jacobsen a Amurka da Tsutomu Katsuki a Japan, kowa da nasa, suka fito da salen na manganis da ke sa oksijin a kan alkin, wato sinadari mai C=C, ta gefe ɗaya zaɓaɓɓe, ya zama efoksayid. Na Jacobsen da ruwan bilic yake aiki, dangin wanda ake wanke farar shadda da shi, kuma an yi amfani da hanyar wajen haɗa wani ɓangare na indinabir, maganin ƙanjamau. A 1995 Maurice Brookhart ya nuna nikel da faladiyom masu imin biyu suna ɗinke etilin ya zama roba, a 1998 kuma shi da Vernon Gibson, kowa a ɗakinsa, suka yi haka da baƙin ƙarfe. Ana kuma amfani da salen na kobal da na kuromiyom wajen haɗa iskar kabon da efoksayid a samu roba.

Ba sai kana da na'urar miliyoyi za ka taɓa wannan fage ba. Gwaji mafi sauƙi shi ne warware haidurojin faroksayid ya zama ruwa da oksijin, aikin da wani enzayim mai suna katales ke yi a jikinmu. Ka sa faroksayid mai rauni a filas mai toshiya, tiyo ya tafi cikin buret da aka kifa a ruwa, ka jefa kwamfiles ɗin da ka auna, ka riƙa rubuta yawan iska duk daƙiƙa 30. Na manganis da na kobal sun fi ba da abin gani. Na biyu shi ne kashe launin rini: metilin bulu yana shan haske a nanomita 664, ka sa masa faroksayid da kwamfiles, ka riƙa auna raguwar shuɗin. Wanda ya ga ruwan da ke fita daga wurin masu rinin zamani ya san amfanin wannan tambaya.

Kowane gwaji sai ka yi shi sau huɗu: ba komai, da ligan kaɗai, da gishirin ƙarfe kaɗai, da kwamfiles. Gishirin ƙarfe shi kaɗai ma yana warware faroksayid, saboda haka idan bai bambanta da naka ba, ligan bai ƙara komai ba. A gwajin rini ka ƙara na biyar, kwamfiles ba faroksayid, don wani lokaci launin manne wa garin kawai yake. Ka rubuta zafin ɗakin kowace rana. Gwajin safe da na azahar a watan Maris ba ɗaya ba ne. A ƙarshe ka raba mol na abin da ya fito da mol na kwamfiles. Idan amsar ba ta wuce ɗaya ba, ba hanzartawa ya yi ba, cinye shi aka yi. Ka tace shi bayan aiki ka sake IR ka ga ko yana nan da ransa.

Mataki na shida: gwaji a kan ƙwayoyin cuta

Imin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Ganin da kake yi yanzu, wani aldehayid ne ɗan gidan bitamin A, retinal, ke ɗaure da furotin na ido ta hanyar imin. Bitamin B6 da imin yake aiki a cikin enzayim irin ALT da AST da ake aunawa a gwajin hanta. Maganin tarin fuka isoniyazid yana kama B6 ta irin wannan haɗin, shi ya sa ake haɗa wa majiyyaci da firidoksin, wato B6 ɗin, don kada ƙafafunsa su riƙa zugi. Gwajin HbA1c na masu ciwon suga ma daga imin yake farawa, tsakanin suga da sinadarin jini.

Ga kuma wanda ya fi kusa da gidajenmu. Bokselota, maganin sikila da Amurka ta amince da shi a 2019, ɗan uwan salisilaldehayid ne, yana kama himogulobin ta hanyar imin ya hana ƙwayar jini lanƙwashewa. A Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa saboda damuwa kan lafiyar masu sha. Abin da ya wuce duk matakan gwaji ke nan. To ina ga garin da ya yi zobe a faranti ɗaya? Ka rubuta "ya hana ƙwayar tsiro a faranti", kada ka rubuta "zai iya zama magani".

Ka yi aikin tare da masanin ƙwayoyin cuta. Agar na Mueller-Hinton, kaurin milimita 4. Ƙwayar a daidaita ta da ma'aunin McFarland 0.5. Aƙalla Staphylococcus aureus da Escherichia coli, don bangon jikinsu ya bambanta. Rami milimita 6, zafi digiri 37, awa 18 zuwa 24, kowane gwaji sau uku. A faranti a samu ramin DMSO kaɗai, na ligan, na gishirin ƙarfe, na kwamfiles, da na sanannen magani irin sifurofuloksasin. Ka daidaita su da mol, ba da nauyi ba, don miligiram ɗaya na gishiri ya fi miligiram ɗaya na kwamfiles yawan ƙarfe.

Zobe yana ruɗi. Abin da ba ya narkewa a ruwa ba ya tafiya cikin agar, sai ya ba da ƙaramin zobe ko da yana da ƙarfi. Saboda haka ka nemi mafi ƙarancin adadin da ke hana tsiro ta hanyar sirkawa a ruwan raino, ka tsare DMSO kada ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Ka kuma ajiye kwamfiles cikin ruwan rainon awa 24 ka sake auna shan haskensa. Idan ya canza, ya warware, kuma salisilaldehayid da jan ƙarfe kowannensu yana kisa da kansa.

Kusan kowane kundi yana rufewa da bayanin Tweedy, cewa ligan ya lulluɓe cajin ƙarfe, ya sa shi son maiƙo, ya ratsa bangon ƙwaya. Bayani ne mai ma'ana, amma a kan naka sinadarin hasashe ne har sai ka gwada. Ka girgiza shi tsakanin oktanol da ruwa ka ga inda ya fi zama. Idan kuma ligan ya fi kwamfiles ƙarfi, ko duk ba su yi komai ba, ka rubuta haka ɗin. Sakamako ne, kuma zai hutar da na bayanka.

Mataki na ƙarshe: ragowar ruwa

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan ƙarfe mai guba ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba yaran, DMSA, shi ma mariƙin ƙarfe ne, sai dai da bakin salfa yake damƙo dalmar ya fitar da ita ta fitsari.

Ruwan tacewarka da na wanki suna ɗauke da nikel, kobal da jan ƙarfe, kuma kwatar ɗakin gwaji ƙasa take shiga, rijiyoyin unguwa na kusa. Ka samu jarka biyu tun ranar farko, ka rubuta a jikinsu da babban baƙi: ɗaya ta ruwa mai ƙarfe, ɗaya ta etanol da sauran masu kama wuta. Masu kulorin, irin kulorofom, kwalbarsu daban. Ta ruwa mai ƙarfe idan ta kusa cika, a zuba mata soda ko ruwan farar ƙasa har pH ya kai wajen 10, a bar ta ta kwana, laka ta kwanta, a tace, a busar da lakar a rufe cikin kwalba a miƙa wa mai kula da ɗakin gwaji. Takardun tacewa da safar hannu su bi ta, kada su shiga kwandon shara inda yara ke tone-tone. Farantan ƙwayoyin cuta kuma a dafa su a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121 na minti 30, kafin su bar ɗakin.